KIBIYAR DA TA JUYA

Shafi na 17

Masu cewa na bar Jan Biro tsaye a ƙofar gidan malaminta kwana biyu cur, na ji ƙorafinku. To ga ta nan, ta ɗaga hannu.

*

Sau uku ta ƙwanƙwasa kafin ta ji takun mutum daga ciki.

Shekara tara rabonta da gidan nan. Fentin ƙofar ya ɓaɓɓare, amma lambar gidan da Malam ya rubuta da hannunsa tana nan a miƙe, ka rantse da rula aka ja ta.

Ba zumunci ne ya kawo ta ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

A Zauren Zane, wani zauren hira na waya, ba mai kiran wani da sunan yanka. Su ɗari uku ne da 'yan kai, malamai da ɗalibai da injiniyoyi, kowa a garinsu, suna zana hotunan fiziks kyauta su zuba a shafin intanet, duk makarantar da ba ta da littafi ta sauke. Ita suke kira Jan Biro, don ba zanen da ke fita sai ta duba ta sa hannu. Shi kuma Baba Madubi, shi ya kafa zauren, shi ya koyar da ita a sakandare. Zanensa ɗari shida da goma sha huɗu ne a shafin, ba a taɓa kama ɗaya da kuskure ba.

Sai watan nan. Uku a jere, duk na maganaɗisu, duk kibiyar ta juya baya.

Wata malama ta koyar da na farkon. Yara arba'in da biyu suka zana shi a jarrabawa kamar yadda suka gani, aka soke musu duka. Malamar ta shigo zaure ta ajiye saƙon murya tana kuka.

Injiniya, wanda ke riƙe da zauren yanzu, ya ce ita kaɗai ta san gidan, ta je ta ji. Ya ba ta zuwa ƙarfe shida na yamman nan. Doka kuma Malam da kansa ya rubuta ta tun farko: wanda hannunsa ya yi kuskure uku, za a sauke duk zanensa a sake tantancewa. In kuma wani ne ya shiga da sunansa, za a rufe sunan har abada, a faɗa wa zaure ko wane ne.

Ƙofa ta buɗe.

Matar Malam ce, tef ɗin awo rataye a wuyanta, allurai uku soke a bakin mayafinta. Ta rame har sai da Jan Biro ta yi jim kafin ta durƙusa.

"Mama, ina wuni?"

Matar ta daɗe tana kallonta.

"Ke ce mai jan biron, ko?"

A gidan nan ba a taɓa kiranta da haka ba. Auta suke ce mata, don ita ce ƙarama a cikin yaran da ke zuwa darasin Asabar.

"Ni ce, Mama."

"Na san za ki zo. Shigo, amma a hankali. Ya samu barci."

Falon na nan yadda ta san shi, sai dai an tura kujeru jikin bango, an buɗe hanya mai faɗi a tsakiya. Allon da suke darasi a kai yana jingine bayan ƙofa. Warin man zafi ya cika ɗakin.

Sai ta hango shi.

Yana kan kujera mai taya a gefen taga, an lulluɓe masa ƙafa. Kansa ya karkata. Bakinsa ya ja gefe ɗaya. Hannun dama, hannun da ke zana da'ira a allo ba tare da kamfas ba har yara su yi ta tafi, yana kife a cinyarsa, yatsun sun dunƙule kamar busasshen ganye.

Ba ta san lokacin da jakarta ta zame ƙasa ba.

Mama ta ja ta zuwa ɗakin ɗinki, ta tura ƙofa ta bar 'yar kafa. Nan ta gaya mata, murya ƙasa-ƙasa, tana linke wani yadi da ba ya bukatar linki. Wata bakwai ke nan. Yana cikin ɗaura takalmi zai fita ya kife. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalma ɗaya biyu da ƙyar, su ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Ɗansu da ke nesa ya zo ya yi sati uku ya koma bakin aiki.

"Me ya sa ba a gaya mana ba?"

"Ya hana. A asibiti na ce bari in sanar da mutanensa na waya, ya riƙe min mayafi da hannun hagu har sai da ya yage. Kin san shi. Ba ya son a ce masa sannu."

Jan Biro ta yi lissafi a ranta. Wata bakwai. Kuma a watannin nan zane talatin da ɗaya ya shigo zaure da sunan Baba Madubi.

"Mama... to wa ke turo zanen?"

Matar ta ajiye yadin.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Zo ki gani."

Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin keken ɗinki. Cike yake da takardu shara-shara, irin waɗanda ake hango hannu ta bayansu, sun yi ja don tsufa. Zanen fensir ne a jikinsu, ba harafi ko ɗaya, don Malam sai ya hau kwamfuta yake sa rubutu. Aikin shekara talatin da bai samu sukunin fitarwa ba.

Ta ce da suka dawo daga asibiti sati biyu ya yi ba ya karɓar abinci. In ta kawo cokali sai ya kau da kai bango. Wata rana wayarsa ta yi ƙara, ta ɗauka don ta kashe, sai ta ga wani ya rubuta yana gode wa Baba Madubi kan wani tsohon zane. Ta karanta masa, don dai ta samu abin faɗa. Ya sa ta maimaita sau uku. Ranar ya cinye kwanonsa.

"Sai saƙon ya fara ƙaranci, tunda ba ya turo sabo. Ni kuma na ga abin da ke riƙe da shi ke nan."

Ta zaro takarda ɗaya, ta manna ta a gilashin taga, ta ɗora farar takarda a kai. Hasken rana ya fito da layukan ta ciki.

"Fensirin ya dushe, waya ba ta ɗaukarsa. Sai in bi shi da tawada. Shekara arba'in ina kwafar yankan riga, 'yar nan. Layi ba ya kuɓuce min. Ko gashi ɗaya ban kauce ba, wallahi."

Gaskiya ta faɗa. Jan Biro ta ga layukan da idonta, ko ita sai da suka ruɗe ta.

Ta karɓi takardar, ta juya ta. Ta sake juyawa. Gaba da baya duk ɗaya, fensirin ya fito daidai a kowane ɓari.

Ta ɗago ta kalli Mama.

"Mama, ta ina kike gane gaban takardar?"

"Gaba? Ai duk ɗaya ne. Wanda ya zo hannuna."

Jan Biro ta zauna a kan kujerar keken ta yi mata bayani. Ta ce zanen madubi, da na sikeli, da na haske a cikin ruwa, ko an kifa su gaskiyarsu ba ta canjawa, shi ya sa ashirin da takwas suka wuce lafiya. Amma na maganaɗisu yana da dama da hagu. Ta nuna mata ɗigon da ke tsakiya, ta ce wannan wutar lantarki ce ke tahowa wajen mai kallo, kibiyar da ke kewaye da ita kuma dole ta bi saɓanin hannun agogo. In aka kifa takardar, ɗigo na nan inda yake, kibiya ce kawai za ta juya.

Mama ta kalli kibiyar. Ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

"Kamar hannun riga," ta ce a hankali. "In ka yanka na dama sau biyu."

"Haka ne, Mama."

"Wannan ɗan abin ne ya kayar da yaran mutane?"

Jan Biro ta gyaɗa kai.

"Arba'in da biyu. Na ji muryar malamarsu. A banɗaki na saurara, don kada ya ji."

Ta share ido da bakin tef ɗin awo. Daga nan ta ɗago, kuma a karon farko muryarta ta yi kauri.

"Naki ma na karanta."

Jan Biro ta sunkuyar da kai. Ta san wanne. Ranar da zane na uku ya shigo, ta tabbatar wa kanta wani ne ya sace sunan Malam, ta zauna a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da take aiki ta rubuta cikin fushi.

Mama ta karanto shi da ka, ba ta tsallake kalma ba.

"'Wannan ba hannun Malam ba ne. Duk jahilin da ke fakewa da sunansa, ɓarawo ne, kuma ya ji kunya.'"

"Mama, don Allah..."

"A'a, ba ki yi ƙarya ba. Jahilar ce, aji huɗu na tsaya. Shi ma da yana tsokanata, wai ya aure ni ne don in riƙa ɗinka masa aljihun alli. Ɓarauniyar ce dai ta tsaya min a nan." Ta dafa ƙirji. "Kwana goma sha ɗaya ina kwana da ita."

"Shi kuma me kika karanta masa ranar?"

"Na ce Auta ta ce hannun Malam ba ya tsufa."

Nan kukan ya ƙwace wa Jan Biro. Ta toshe baki da mayafi don kada ya fita falo. Da ta samu numfashi sai ta faɗi abin da ba ta gaya wa Injiniya ba, ba ta gaya wa kowa ba. Zanen farko, wanda yaran suka faɗi a kansa, ta hannunta ya wuce. Tana tsaye a layin mota ta ga sunan Baba Madubi, ta danna amincewa ba tare da ta buɗe hoton ba. Shekara shida tana kama kuskuren mutane, ranar da ya kamata ta duba ba ta duba ba. Zafin da ta zuba a saƙon nan rabinsa na kanta ne.

Mama ta dafa mata kai.

Daga falo suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Zobensa ne yake bugawa a ƙarfen kujera.

"Ya tashi. Goge fuskarki. Kin zo gaishe shi ne kawai, kin ji ko?"

Suka fito. Jan Biro ta manta takardar shara-sharan na hannunta.

Ta durƙusa a gabansa ta gaishe shi. Idonsa na hagu ya kafe ta, ras, irin kallon da yake wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Leɓensa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"Au...ta."

"Na'am, Malam."

Mama ta shiga zuba, wai Auta ta biyo ta unguwar ne ta ce bari ta leƙo, wai mutanen zaure duk suna gaisuwa, suna ta yabon zanen makon jiya. Ta ɗauko kofin ruwa ta kai masa baki.

Ya kau da kai.

Ya miƙa hannun hagu wajen takardar.

Jan Biro ta kalli Mama. Mama ta girgiza kai kaɗan. Amma hannun na nan a miƙe, kuma ba ta taɓa iya hana mutumin nan abin da ya nema ba. Ta ba shi.

Ya ɗora takardar a cinyarsa. Ya daɗe yana fama da gefenta, yatsun na zamewa. Ba wadda ta taimaka masa. A ƙarshe ya kama, ya juya ta, ya shafe ta da tafin hannu. Ya sa yatsa a kan ɗigon, ya zagaya shi sannu a hankali, saɓanin hannun agogo.

Ya ɗago ya kalli matarsa.

Kofin ya karkace a hannunta, ruwa ya zuba a kan bargon.

"Ka sani?"

Ya lumshe ido.

"Tun yaushe?"

Ya nuna taga da haɓa.

Sai a lokacin Jan Biro ta lura. Tagar falo ta fi ta ɗakin ɗinki haske, kuma akwai guntayen salatif manne a gilashinta. Ashe a nan Mama take kwafar zanen, a gabansa, taku biyu daga kujerarsa.

Mama ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ranar da ka yi ta buga kujera... ka yi ta ƙara... na ce ruwa kake so." Muryarta ta karye. "Na ba ka ruwa. Sau uku ina ba ka ruwa."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya miƙa hannu ya kamo bakin tef ɗin da ke wuyanta, ya riƙe.

"Te...la," ya ce. Sunan da yake kiranta da shi ke nan tun suna da ƙuruciya.

"Kuma saƙon da nake karanta maka?"

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Ya ɗauki lokaci yana haɗa kalmomin.

"Ba ki... iya... ƙarya ba."

Ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka, ta kifa goshi a gwiwarsa.

Wayar Jan Biro ta girgiza a jaka. Injiniya ne. Shida saura kwata, ya rubuta, mutane na jira, malamar nan ma tana nan. Me kika samo?

Malam ya ga ta duba. Ya buga zobe sau ɗaya, ya nuna wayar, ya nuna kansa.

"Ru...buta."

"Me zan rubuta, Malam?"

"Ni."

"Kai me?"

"Ni... na... zana."

Ta girgiza kai. Ta tuna masa dokar, ko ciwon ya mantar da shi. In ta rubuta haka, kafin gari ya waye za a sauke ɗari shida da goma sha huɗun nan gaba ɗaya. Tantance su zai ci shekara biyu in ma an samu masu yi. Makarantun da ke dogara da su za su buɗe shafi su tarar da wayam. Kuma duk wanda ya taɓa koyar da zanen Baba Madubi zai koma yana shakkarsa.

Ya saurare ta har ta gama. Bai manta komai ba.

"Rubuta."

"Malam, kai ka koya min kada in sa hannu a abin da na san ba daidai ba ne."

Ya kalli kan matarsa da ke kife a gwiwarsa, furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Ya dawo da idonsa kan Jan Biro. Wannan karon ba umarni ba ne a cikin idon. Roƙo ne. Ba ta taɓa ganin haka a fuskarsa ba, kuma da ma ba ta gani ba.

"Kar... a kira ta... ɓa..."

Kalmar ta maƙale. Bai iya ƙarasa ta ba.

Jan Biro ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe ya ga saƙon da ta rubuta. Wayar na kwana a kan teburin gefensa, kuma ciwon bai taɓa masa karatu ba.

Ta buɗe zauren. Ta fara rubutawa: Na je gidan Malam. Na gan shi. Ya ce...

Ta tsaya.

Mama ta ɗago. Ta kalli wayar, ta kalli mijinta. Ta zare tef ɗin daga wuyanta a hankali ta bar masa shi a hannu, ta miƙe, ta karkaɗe zaninta.

"Shekara talatin yana zana su," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba. "Ina ɗinki yana zane, fitila ɗaya muke rabawa. Ba za a sauke su a kaina ba."

"Mama, in kika faɗa za a rufe sunansa. Ba sauran saƙon da zai ƙara shigo masa."

"Na sani."

"To me zai..."

"Zan san yadda zan yi ya ci abinci."

Ta juya ta nufi ɗakin ɗinki. Malam ya shiga buga kujera da ƙarfi, yana kiran Tela, Tela, sautin na fita a karkace. Ya yunƙura zai tashi, kujerar ta gangara, Jan Biro ta yi wuf ta tare shi da kafaɗa kafin ya kife.

Suka ji ƙarar sakata.

Teburin gefensa ba komai sai kwalbar magani. Wayar Malam ba ta nan.

Jan Biro ta duba tata, hannu ɗaya na riƙe da shi. Mutum ɗari da tara ne a zaure. A can sama, ƙarƙashin sunan zauren, wani ɗan rubutu ya bayyana yana motsi.

Baba Madubi yana ɗaukar murya...